Kasuwar Kara da Matsalar Sauyin Farashi ga Makiyaya

Kara ita ce kasuwar da ake cinikin dabbobi, kamar shanu da tumaki da awaki da raƙuma. Daga cikin manyan kasuwannin kara akwai ta Maigatari a Jihar Jigawa, wadda ke ci ranar Alhamis, da ta Potiskum a Jihar Yobe, mai ci ranar Laraba. A nan ne dillali ke shiga tsakanin makiyayi da falke ya karɓi la'ada, sannan a yi lodin dabbobin zuwa Legas da sauran biranen kudu.

Abin lura shi ne, makiyayi ba ya auna darajar dabbarsa da yawan kuɗi kawai, sai da yawan hatsin da kuɗin za su saya masa. Da kaka, dabbobi sun ƙoshi, gero kuma ya yi araha, don haka sa ɗaya kan ciyar da iyali tsawon watanni. Da bazara kuwa lamarin yakan juye: ciyawa ta ƙare, dabbobi sun rame, hatsi ya yi tsada. Makiyaya sukan kwararo kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi, sai an sayar da biyu kafin a sami abin da ɗaya ke sayowa a da. Haka ta faru, da muni ƙwarai, a farin 1973 da na 1984.

Matakan hukuma ma suna da tasiri. Rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya kawo cikas ga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, waɗanda ke samun dabbobi daga Nijar. Haka nan ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya durƙusar da cinikin kara, domin yawancinsa da tsabar kuɗi ake yi.

Makiyaya na da dabarun rage asara. Wasu kan sayar da bajimai da tsofaffin shanu tun da kaka su tanadi hatsi, su bar shanun haihuwa. Wasu kan haɗa shanu da awaki a garke, domin akuya ta fi jure fari. Akwai kuma masu turke raguna don kasuwar Babbar Salla.

A taƙaice, wanda ya sayar bisa shiri shi ke yanka wa dabbarsa farashi, wanda yunwa ta koro kasuwa kuwa sai abin da aka taya.