Kurajen fuska: kaifin sabulu ba shi ne magani ba

A Damagaram, da zarar zafin Afrilu ya haura digiri 40, fuskokin samari da ƴan mata kan cika da maiƙo, kuraje su biyo baya. Da yawansu sai su nufi Kasuwar Dole neman sabulu mai kaifi, wasu har da na wankin tufafi suke wanke fuska. Nan kuskuren yake. Fatar mutum tana da ɗan tsami, ma'auninta na pH wajen 5,5 ne, alhali sabulun sanda yakan kai 9 ko 10. Yana busar da fata, ya sa ta ƙaiƙayi, kurajen kuma su ƙara fusata, balle in hunturu ya kama.

Abin nema a farmasi shi ne na ruwa ko dunƙulen da aka rubuta wa «sans savon», marar turare. In da hali, mai sinadarin salisilik kashi 2 cikin ɗari. Safe da dare sun isa, da tafin hannu, ban da soso. Ruwan alwala ba ya cutarwa.

Ƴan kasuwarmu kuwa su dubi hajarsu da kyau: man bilicin mai kortizon shi kansa yana haddasa kuraje, kuma Kodebuwa ta haramta irinsa tun 2015. Wanda kurajensa ke barin tabo, ya daina matsa su, ya ga likita a Babban Asibitin Zinder.