Indomin Mota: Kafin a Farke Salansa

Alamomin ba sa ɓuya. Tsohuwar Golf ko Honda da ta saba cin hanyar Zariya zuwa Kaduna ba gargada, yanzu ko an taka totur har ƙasa sai nishi. Mai na zurarewa, ƙarƙashin mota na ɗaukar zafi, salansa na fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mai ita ya lallaɓa daga Limancin Kona zuwa gareji a Tudun Wada ko Sabon Gari, makanike ya bubbuga salansa, ya yanke hukunci: "Alhaji, indomi ne ya toshe. A cire shi kawai."

Abin da makanikai ke kira indomi wani dunƙulen tangaran ne mai dubban ƙananan ramuka kamar na busasshiyar taliya, a cikin tulun ƙarfe tsakanin inji da salansa. An shafe ramukan da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi ya ratsa su da zafin da ya haura digiri 300, sai gubar kabon monoksaid da ɗanyen fetur da iskar naitirojin oksaid su rikiɗe zuwa tururi da iskar da ba ta kai su illa ba. Lafiyayye yana rage kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi. Eugene Houdry, injiniya ɗan asalin Faransa, ya yi rajistar fasahar a shekarun 1950. Motocin Amurka sun fara fitowa da ita a 1975, Tarayyar Turai ta bi sahu a farkon shekarun 1990.

Tsofaffin direbobin Zazzau ba su tashi da sanin wannan abu ba. Fijo 504 da kamfanin PAN ke haɗawa a Kaduna ba ta da shi, kuma da an sa ma da bai yi ƙarko ba, domin fetur na wancan zamani akwai dalma a ciki, ita kuwa dalma kashe shi take yi. Sai a farkon shekarun 2000 Najeriya ta daina zuba ta. Motocin Kwatano ne suka yaɗa indomi a Arewa.

Da wuya ya mutu haka kawai. Galibi wani ciwo ne a inji ke kashe shi. Fulogi ko kwayil da ba ya ba da wuta yana tura ɗanyen fetur cikin salansa, ya kama ci a can har tangaran ya narke. Ringin da ya cinye yana sakin baƙin mai, gaskit da ya ƙone yana sakin ruwa, duka su liƙe ramukan. Dutse ko tudun rage gudu kan fasa shi, a riƙa jin kacau-kacau. Wanda ya sa sabo bai gyara tushen ba, kuɗinsa ya zubar.

Makaniken kirki yakan gwada kafin ya kira mai walda. Idan kwamfuta ta nuna lambar P0420, ba lalle indomi ne ba, wataƙila sansar iskar oksijin ce ta gaji ko salansa ke yoyo. Akan kwance sansar gaba na ɗan lokaci don hayaƙi ya sami mafita. Idan ƙarfin mota ya dawo, toshewar ta tabbata. Canjin kansa ba dogon aiki ba ne: a bar mota ta huce, a cire sansa, a jiƙa notunan da suka yi tsatsa ko a yanke walda, a ɗaura wani yadda kibiyar jikinsa ta nuna, da sabon gaskit.

To me ya sa hannu ke saurin zuwa ga cirewa? Tsadar sabo dalili ne, musamman tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 aljihu ya ƙara matsewa. Amma akwai kuma kasuwa. A Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam, wato giram 31, ya doshi dala 29,000, satar indomi ta yawaita a Ingila da Amurka, 'yan gwangwan a nan su ma suka san darajar garin indomi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce cikin tsofaffin motoci miliyan 14 da aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo, wasunsu an riga an kwashe musu indomi. Saboda haka wanda zai sayi na Beljiyam a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya haska tocila ya leƙa ciki, kada ya biya kuɗin tulu fanko.

Maganar cewa cire shi na rage shan mai tana da ƙamshin gaskiya ne kawai idan a toshe yake. Cire lafiyayye ba ya sauya lissafin gidan mai, sai dai fitilar inji ta zauna a kunne, har ranar da wata matsala ta gaske za ta zo ba wanda ya lura.

Ragowar kuɗin kuwa unguwa ke biya. Lungunan cikin birni ƙunci gare su, katanga na kallon katanga, kuma a unguwar malamai irin Kona ɗalibai kan zauna da allunansu a ƙofar zaure, daidai tsayin bakin salansa. Kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin mota tun 2011, amma direba ya fi saba jin a tambaye shi takardu.

Idan canjin ya zama dole, mai mota ya tsaya a cire a gabansa. Tsohon indomin dukiyarsa ce, ko ya farfashe, kuma kuɗin da masu saye za su bayar zai rage masa wani abu daga farashin wanda zai ɗaura.