Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Dalilin da Ya Sa Jami'in Jin Daɗin Jama'a Ba Ya Sauke Karatu

A sakatariyar ƙaramar hukuma irin ta Zango, wadda ke gabas da Daura daf da iyakar Jamhuriyar Nijar, akwai wani ofishi da ba a cika jin ɗuriyarsa ba sai ranar da abu ya ɓaci. Nan ake kai yaron da aka tsinta a kasuwa ba a san iyayensa ba. Nan matar da miji ya yi watsi da ita da 'ya'ya take kai kukanta, nan kuma ake tuntuɓa idan an sami mai taɓin hankali yana gararamba a tasha. Mai zaune a wannan ofishi shi ne jami'in jin daɗin jama'a. Ba ya riƙe da allura ko almakashi. Kayan aikinsa duka suna cikin kansa, wato sanin doka, da sanin halin ɗan Adam, da sanin inda ya kamata a tura kowane mai matsala. Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan kayan aiki suna tsufa, kuma idan suka tsufa ba a sabunta su ba, wani ne yake biya da lafiyarsa ko da ransa.

Rabin santimita

Misali mafi kusa shi ne na cutar tamowa, wadda take addabar yara a masarautar Daura da maƙwabtanta, musamman da damina kafin sabon amfani ya shigo. A da, maganin yaron da tamowa ta yi wa tsanani shi ne a kwantar da shi asibiti na makonni ana ba shi madara ta musamman. Uwa kuwa ba ta iya barin gida da sauran yara tsawon wannan lokaci, saboda haka da yawa ba sa zuwa.

A shekarar 1996 wani likitan yara Bafaranshe mai suna André Briend tare da Michel Lescanne suka haɗa wani abinci mai kama da tunkuza, daga gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, aka sa masa suna Plumpy'Nut. Sirrinsa shi ne kusan babu ruwa a cikinsa, don haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa, ba ya kuma bukatar dahuwa ko firji. Lokacin yunwar da aka yi a Nijar a 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da shi wajen jinyar dubban yara a yankin Maraɗi, yawancinsu suna gidajen iyayensu. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya ta yin jinya a gida, a 2010 kuma aka fara aiki da ita a Daura da Zango tare da ƙungiyar Save the Children.

Ana gane yaron da ke cikin haɗari ta hanyar auna kaurin damtsensa da wani ɗan zare mai launi uku, idan yana tsakanin wata 6 da shekara 5. Kafin 2009, sai damtsen ya gaza santimita 11 ake cewa tamowa ta yi tsanani. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ma'aunin zuwa santimita 11.5, domin bincike ya nuna yaran da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu su ma suna cikin haɗarin mutuwa. Ke nan yaron da damtsensa ya auna 11.3, wanda ya tsaya a kan tsohon karatu zai ce wa uwarsa ta koma gida, wanda ya ji sabon bayani kuwa zai tura ta asibiti a ranar. Rabin santimita ne kacal tsakanin shawarwarin nan biyu.

Jiran wata uku

Misali na biyu daga Katsina ya fito. Yoyon fitsari yana samuwa ne idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Tsohuwar ƙa'idar likitoci ita ce mace ta jira aƙalla wata uku kafin a yi mata aiki. A cikin waɗannan watanni ne sau da yawa aure yake mutuwa, dangi su ƙaurace mata saboda zarni.

A asibitin Babbar Ruga, Dokta Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan da ya fara ɗinkin yoyon fitsari a can a 1984, ya nuna cewa idan aka sanya wa mace robar fitsari da zarar yoyon ya fara, aka bar ta makonni tana shan ruwa sosai, wasu ƙananan ƙofofin sukan toshe da kansu ba tare da tiyata ba, sauran kuma ana iya ɗinke su da wuri. Jami'in jin daɗin jama'a ba shi ne zai sanya robar ba, amma sau da yawa shi ko ungozoma ko ma'aikacin lafiya na ƙauye ne iyali suke fara tambaya. Idan amsarsa ita ce a yi haƙuri a jira, dama ta wuce.

Doka ma tana sauyawa

Haka abin yake ta fuskar shari'a. Wanda ya kammala karatu a shekarun 1990 bai tarar da dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 ba, balle dokar kare yara da Jihar Katsina ta kafa a 2020. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairun 2019 aka sanya mata hannu. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai ɗaukar mai taɓin hankali tamkar abin tsarewa, sai a Janairun 2023 ta sami sa hannun shugaban ƙasa. Ita kanta sana'ar ta sami sabon matsayi: ƙungiyar masu aikin ta ƙasa ta kafu tun 1975, amma sai a ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya rattaba hannu kan dokar kafa majalisar da za ta tsara horo da rajistar masu wannan aiki. A Ingila, jami'i yakan sabunta rajistarsa kowace shekara, kuma sai ya nuna shaidar abin da ya ƙara koyo kafin a bar shi ya ci gaba da aiki.

Yadda ƙwaƙwalwa take zubar da kaya

Ko da ilimi bai sauya ba, mai shi yana mantawa. A 1885 wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya saura bayan wani lokaci. Ya tarar cewa fiye da rabi yana zubewa cikin awa guda, bayan kwana ɗaya kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ya rage. Ya kuma gano cewa maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi zama a ka bisa wanda aka yi a zama ɗaya. Alarammomin tsangaya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa tilawa ba ta yankewa ko bayan sauka.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Taron bita na kwana uku a Katsina, tafiyar kimanin kilomita 100 daga Zango, yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa idan sai bayan shekaru ake sake yin wani. Abin da ya fi tasiri shi ne karatu kaɗan-kaɗan a kai a kai. Jami'an Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Daura matsalolinsu iri ɗaya ne, domin masarauta ɗaya ce. Idan suka riƙa zama lokaci-lokaci, wani ya kawo matsalar da ta gagare shi, a tattauna, wanda ya dawo daga bita ya juye wa 'yan'uwansa abin da ya samo, kowa ya ƙaru ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ba a ambaton sunan mai matsalar ko wani abin da zai sa a gane shi, domin riƙon sirri shi ne tushen amanar da jama'a suka ba jami'i. Malaman makaranta ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari, ganin yadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta ba dubbansu damar ƙaro ilimi suna bakin aikinsu.

Ga ɗalibi da malami

Ɗalibin sakandare da ke sha'awar wannan sana'a yana iya bin hanyar difloma a fannin raya jama'a a kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, ko digiri a jami'a. Sai dai ya shiga da sanin cewa takardar da zai karɓa izinin farawa ce kawai. Darussan ilimin halittu da lissafi da yake ganin ba su da alaƙa da aikin ofis, su ne za su ba shi damar fahimtar dalilin da ya sa aka sauya lamba a jikin zaren awo, maimakon ya haddace ta kamar aku.

Hausawa sukan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma gaskiya ne gogewar tsohon jami'i wajen sasanta ma'aurata ko lallashin iyaye ba a samun ta a littafi. Amma uwar da ta zo da yaro a goye daga wani ƙauyen bakin iyaka tana bukatar abu biyu a wurinsa: haƙurin wanda ya daɗe a aiki, da lambar da ake aiki da ita a bana.