Maganin Rage Maiƙon Jini da Kumburin Jijiya ga Masu Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ta fari, wadda ta fi yawa, ita ce jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe. Ta biyu kuwa jijiyar ce ke fashewa, jini ya malala. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda magungunan nan da a ke kira sitatin su ke taimakon masu ta fari.

Tilas a fara da kalmar kumburi. Bahaushe ya san kumburi a abin da ido ke gani, kamar na maruru. Amma likitoci suna nufin yaƙin da jiki ya ke yi da abin da ya cuce shi, ko da a ɓoye ne. In maiƙon da a ke kira kolestarol ya yi yawa cikin jini, ya kan kutsa bangon jijiya. Sai fararen ƙwayoyin jini su bi shi su haɗiye, su mutu a nan, har wurin ya zama tsibi mai ɗan murfi. Kumburi shi ke cin murfin nan. Ran da ya yage, sai jini ya yi guda, gudan ya tare hanya.

Wani masani na Japan, Akira Endo, shi ya fara samo sitatin daga wata irin funfuna a 1973, a 1987 kuma aka yarda a yi amfani da lovastatin a Amurka. Aikinsa shi ne tare hanyar da hanta ke bi ta ƙera kolestarol. To, ta wannan hanya ɗaya jiki ke samun waɗansu sinadarai masu zuga kumburi, saboda haka in an datse ta, su ma sai su ragu.

Ana gane ƙarfin kumburi da awon wani sinadari na jini mai suna CRP. A gwajin JUPITER na 2008, wanda ya ƙunshi mutum 17,802 da ciwon bai taɓa kama su ba, rosuvastatin ya rage mugun kolestarol da kashi 50 cikin ɗari, CRP da kashi 37, shanyewar jiki kuma da kashi 48. Gwajin SPARCL na 2006 kuwa an yi shi ne kan mutum 4,731 waɗanda ciwon ya riga ya taɓa su. Cikin kimanin shekara biyar, ya sake kama kashi 11.2 na masu shan atorvastatin, da kashi 13.1 na waɗanda ba su sha ba.

Amma fa akwai abin lura. A wannan gwaji mutum 55 cikin masu shan maganin sun sami fashewar jijiya, alhali 33 ne kawai a ɗaya ɓangaren. Don haka likita ya kan fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya san irin ciwon, sa'an nan ya auna amfani da haɗari.

Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai cewa sitatin ba ya ta da gaɓar da ta riga ta shanye. Abin da ya ke yi shi ne rage maiƙo da kwantar da kumburi, domin kada ciwon ya komo. Wanda aka ɗora a kansa kuwa, kada ya bar sha don ya ji sauƙi, sai da izinin likita.