Haɗarin da ke tattare da tausar ƙara girman mazakuta

Tallace-tallace a shafukan sada zumunta na jan hankalin maza, musamman matasa, zuwa ga dabarar ja da matsa mazakuta da hannu, bisa da'awar cewa hakan na ƙara mata tsawo da kauri. Sai dai babu ingantaccen binciken likitanci da ya tabbatar da wannan da'awa.

Mazakuta ba tsoka ba ce irin ta damtse da motsa jiki ke ginawa. A cikinta akwai sassa masu kama da soso waɗanda ke cika da jini lokacin miƙewa. Kumburin da ake gani bayan tausar na ɗan lokaci ne, kuma yana iya zama alamar rauni.

Matsawa da ƙarfi na iya fasa ƙananan hanyoyin jini, ta jawo zafi da raguwar jin taɓi. Idan raunin ciki ya warke da tabo, mazakuta kan lanƙwashe yayin miƙewa. Wannan ita ce cutar Peyronie, wadda wani likitan fiɗa ɗan Faransa ya bayyana a 1743, kuma tana iya hana saduwar aure.

Wani nazari da masana a Landan suka wallafa a 2015, kan maza fiye da 15,000, ya nuna matsakaicin tsawon mazakuta a miƙe kimanin santimita 13 ne. Yawancin masu fargabar ƙanƙanta ba su da wata matsala. Duk wanda ya lura da zafi, lanƙwasa ko raunin miƙewa, ya daina tausar ya ga likitan mafitsara.