Motar Tsere Mai Rimot: Yadda Ake Haɗa Ta da Saita Ta da Gyara Ta

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai yi wuya a ce bai taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa ba, ya ɗaura mata zare yana ja a lungu. Ni ma na yi, kuma sha'awar ba ta sake ni ba har na girma. Shekara biyu da suka wuce wani yayana da ke karatu a Ingila ya zo hutu, ya kawo mini tsarabar wani kwali. Da na buɗe sai na tarar da ledoji cike da notina da ƙananan giyoyi da ɗan littafin bayani. Ashe motar tsere ce mai rimot, irin wadda ake kira bugi, amma ba a haɗa ta ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake haɗa irin wannan mota da saita ta da gyara ta, gwargwadon abin da na koya da hannuna, har da kuskuren da ya ajiye mini ita mako bakwai.

Mece ce Bugi?

Bugi mota ce da tayoyinta ke wajen bodi, wadda aka yi domin gudu a kan ƙasa da gargada da tsalle. Mafi yawansu ana yin su a ma'aunin 1/10, wato tsawon kusan santimita 40. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a ƙasar Jafan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, sannan ya fito da Rough Rider a 1979 da Grasshopper a 1984. A 1984 ɗin ne kuma kamfanin Team Associated na Amurka ya fito da RC10, wadda ta ci ɗaya daga cikin rukunan gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci a 1985, a ƙarƙashin hukumar IFMAR. A da rimot yana aiki ne a zangon megahaz 27, kuma idan mutum biyu suka haɗu a tasha ɗaya sai umarninsu ya cakuɗe. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka koma zangon gigahaz 2.4, wannan matsala ta kau.

Haɗawa

Muhimman sassan motar su ne shasi da injin lantarki da batir da na'urar daidaita gudu da na'urar karɓar umarni daga rimot, sai wani ɗan inji mai suna sarbo wanda ke murza sitiyari. Ledojin suna zuwa da alamar A da B da C, kuma doka ta farko ita ce kada a buɗe leda ta biyu sai an gama da ta farko. Ni a faranti nake juye kayan, domin noti ɗaya idan ya faɗa ƙasa aiki ya tsaya.

Wurare uku ne suka fi bukatar natsuwa. Na farko akwatin giyar baya, wanda ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan an sha kwana. Ana shafa masa giris daidai kima. Na biyu shokozoba guda huɗu: ana cika kowace da man silikon, a motsa sandarta a hankali, a jira kumfar iska ta fita kafin a rufe. Na uku sarbo: sai an kunna shi ya tsaya a tsakiya kafin a ɗaura masa hannu, in ba haka ba motar za ta riƙa karkata. Sannan duk abin da ake ɗaurewa a cikin roba, da zarar ya kama a dakata, domin ƙarin murzawa yana cinye ramin.

Saiti

Saiti shi ne daidaita mota da filin da za ta yi gudu. Man shokozoba yana da lamba: mai lamba 30 ya fi mai lamba 35 tsinkewa, don haka ya fi dacewa da fili mai gargada, mai kaurin kuma ya fi taimakawa wajen dira bayan tsalle. Ana ɗan karkatar da saman tayoyi zuwa ciki da digiri 1 ko 2 domin su kama ƙasa a kwana, a kuma juya gaban tayoyin baya ciki da kusan digiri 3 domin mota ta miƙe idan an ba ta wuta. Matsar da batir gaba yana ƙara ƙarfin sitiyari, mayar da shi baya yana ƙara wa tayoyin baya riƙo.

Sai maganar giya. Ƙaramar giya ta ƙarfe da ke bakin inji ita ke juya babbar giya ta roba. Idan babbar tana da haƙora 84 ƙaramar tana da 21, inji zai juya sau huɗu kafin babbar ta juya sau ɗaya. Idan aka sa mai haƙora 28 sai ya koma sau uku: gudu ya ƙaru, amma inji ya ƙara zafi. Tsakanin giyoyin biyu ana cusa siririyar takarda kafin a ɗaure inji, sannan a zare ta, domin a bar ɗan sarari.

A nan ne na yi kuskurena. Wani abokina mai irin wannan mota ya tsere mini sau uku a filin ƙwallon da ke bayan ɗakunan kwanan ɗalibai. Cikin fushi na canza giya daga 21 zuwa 28, ban sa takarda ba, ban kuma mayar da murfin giya ba, ga shi lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina. Ba a yi minti biyar ba na ji inji yana kuka mota ba ta motsi. Haƙoran babbar giya sun cinye ƙarƙaf. Na zaga kasuwa ban samu irinta ba, sai da na jira mai zuwa daga waje.

Gyara

Gyara yana farawa da lura. Idan inji na juyawa mota na tsaye, a duba giyoyin biyu, domin wani lokaci ɗan notin da ke riƙe ƙaramar ne kawai ya kwance. Idan tana ja gefe guda, a duba sandar sitiyari ko ta lanƙwashe, a kuma juya kowace taya da hannu ko boris ya cije. Idan tana tsalle-tsalle kamar akuya, man shokozoba ne ya tsiyaye. Hannun da ke riƙe tayar gaba shi ya fi karyewa, kuma gam ba ya riƙe irin robarsa, sai dai a canza. Wayar da ta tsinke kuwa, kowane mai gyaran rediyo zai like ta da dalma.

Batirin litiyom na zamani yana da ɗaki biyu, jimlar bolt 7.4. Kowane ɗaki yana cika a 4.2, ba a bari ya sauka ƙasa da 3.0, kuma idan za a ajiye shi ana barin sa a 3.8. Ba a yi masa caji a tafi a bar shi, wanda ya kumbura kuma a daina amfani da shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Kammalawa

Tun da sabuwar giya ta iso na sayi ɗan littafi. Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, in zagaya fili sau biyar, in taɓa inji da yatsa in ji zafinsa, in rubuta abin da na gani. Bayan kowane wasa ina goge ƙura da tsohon buroshin haƙori, in bi notina ɗaya bayan ɗaya. Yanzu giya mai haƙora 23 nake amfani da ita, kuma abokin nawa bai sake tsere mini sau uku a jere ba. Shawarata ga mai sha'awar farawa ita ce, ranar da zai sayi mota ya haɗa da babbar giya guda da hannun gaba biyu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.