Dabarun Judo: Kayarwa, Dannewa da Kamun da Aka Haramta

A shekarar 1980, a wata gasa a Japan, Sumio Endo ya harɗe ƙafafun Yasuhiro Yamashita da nasa kamar almakashi, ya fizge shi baya. Nan take ƙashin ƙafar Yamashita ya karye. Sunan wannan kamu kani-basami, wato almakashin kaguwa, kuma a yau haramtacce ne a gasa.

Irin wannan tankaɗe da rairaya ya faro ne tun 1882, lokacin da Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokiyo, ya tsamo dabaru daga tsohuwar fasahar faɗa ta jujutsu. Naushi da shuri, da ake kira atemi-waza, an killace su a atisayen nuni kawai.

Ɓangare mafi faɗi shi ne nage-waza, dabarun kayarwa, waɗanda Kodokan ta lissafa guda 68. A seoi-nage, ɗan wasa kan juya ya goya abokin karawarsa, ya wurgo shi ta kan kafaɗa. A o-soto-gari, yakan share ƙafar da nauyin jiki ke kanta. A tomoe-nage kuwa, da gangan yake faɗuwa rigingine, ya tokare cikin abokin da tafin ƙafa, ya cilla shi ta samansa. Sai dai babu wadda ke aiki sai an fara da kuzushi, wato gusar da mutum daga tsayuwarsa ta hanyar ja ko turi. Wanda ya tsallake wannan mataki, ƙarfinsa kawai yake ɓarnatarwa.

A kokawar gargajiya, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A judo, idan kayen bai cika ba, sai a shiga katame-waza: ko a danne abokin karawa a bayansa na daƙiƙa 20, ko a shaƙe shi, sau da yawa da wuyan rigarsa, ko a lanƙwasa masa gwiwar hannu, gaɓa ɗaya tilo da doka ta yarda a murɗa. Wanda ya ji wuya sai ya bubbuga tabarma, alamar sallamawa.

Dannewar ce ta fisshe Yamashita a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles. Da yagaggiyar tsoka a sha-raɓarsa ya ɗingisa zuwa wasan ƙarshe, ya kai Mohamed Ali Rashwan na Masar ƙasa, ya danne shi har lokaci ya cika, ya ɗauki zinare.